Yadda Za Ka Gano Yawan Mutanen Ƙauyen Indiya da Motar da Za Ta Kai Ka

Malamin da ke duba aikina a birnin Pune na Indiya ne ya rubuta mini sunayen ƙauyuka biyu a bayan wata takarda: Ralegan Siddhi da Hiware Bazar. Ya ce in je in gani da idona yadda mutanen da ruwan samansu bai wuce milimita 400 zuwa 500 a shekara ba, wato kwatankwacin abin da Damagaram da Maraɗi ke samu, suka iya tare ruwan damina a cikin ƙasa har rijiyoyinsu suka daina ƙafewa da rani. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Daura, don haka maganar ta shige ni ƙwarai. Sai dai kafin in ɗaga ƙafa ya ɗora mini tambayoyi biyu: mutum nawa ne a kowane ƙauye, kuma wace mota ce ke zuwa can? Na zaci aikin rabin yini ne. Mako guda ya ci mini, kuma amsar ba ta kammala ba sai da na je na zauna da mutanen.

'Yan'uwanmu na zuwa Indiya da yawa yanzu, wasu karatu, wasu jinya, wasu fatauci. Galibi a birane suke tsayawa. Amma wanda karatu ko aikin gona ko ziyarar aboki zai kai shi ƙauye, ga hanyar da na bi. Misalaina duk daga jihar Maharashtra suke, don ita na sani, amma tsarin kusan ɗaya ne a sauran jihohi.

Fara da cikakken suna

Sunan ƙauye shi kaɗai ba ya kai ka ko'ina. A ƙidayar 2011 an lissafa ƙauyuka fiye da 640,000 a Indiya, kuma sunaye na maimaituwa kamar yadda ake samun Sabon Gari da Unguwar Rimi a ko'ina a ƙasarmu. Abubuwa huɗu za ka nema tare: jiha, lardi, taluka, sannan ƙauye. Lardin nasu, wanda za ka ga an taƙaita shi da Dist. a adireshi, babba ne ƙwarai. Lardin Ahmednagar kaɗai yana da mutane kimanin miliyan 4.5 a 2011, an raba shi taluka 14. Taluka ita ce ta fi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu. A arewacin ƙasar tehsil suke ce mata, a Telangana da Andhra Pradesh kuma mandal. Ralegan Siddhi tana cikin talukar Parner, Hiware Bazar tana talukar Nagar, dukansu a lardi ɗaya.

Kula da wutsiyar da ke bayan suna. A Maharashtra za ka tarar da ƙauyuka biyu masu suna ɗaya, ɗaya Budruk ɗaya Khurd, a takarda Bk. da Kh. Budruk shi ne babban, Khurd ƙaramin, kuma sau da yawa rafi ne ko kogi ya raba su. A arewa Kalan da Khurd ake cewa. Wanda ya yar da wannan wutsiya zai iya sauka a gaɓar da ba ita ba, gada kuwa tana can nesa.

Sai sauyin sunaye. A 2024 an mayar da Ahmednagar Ahilyanagar, kafin nan Aurangabad ta koma Chhatrapati Sambhajinagar. Takardun ƙidaya suna ɗauke da tsohon suna, sababbin alluna da sabo, mutanen tasha kuwa Nagar kawai suke cewa. Ka riƙe dukan ukun. Ka kuma nemi lambar gidan waya mai alƙaluma shida da suke kira PIN, wadda aka soma a 1972, amma kada ka ɗauke ta a matsayin shaida ta ƙarshe, domin gidan waya ɗaya kan yi wa ƙauyuka da dama aiki.

Da zarar ka haɗa waɗannan, sa wani ɗan ƙasa ya rubuta maka su da harafin Devanagari, wato irin rubutunsu, a takarda ko a waya. Wannan 'yar takarda ta yi mini amfani fiye da duk taswirar da ke wayata.

Inda alƙaluman suke, da yadda ake karanta su

Indiya ta saba ƙidaya duk shekara goma tun 1881, ba fashi, har zuwa 2011. Ta 2021 ce annobar korona ta sa aka ɗage, daga baya gwamnati ta sanar da cewa za a yi ta da ranar 1 ga Maris 2027 a matsayin ma'auni. Ma'anar wannan ita ce, kusan duk adadin da ka gani a intanet na wani ƙauyen Indiya, komai kyan shafin da ya kawo shi, na 2011 ne. Jaririn da aka ƙirga a lokacin yanzu ya zama saurayi. Mu da ƙidayarmu ta ƙarshe ta kasance a 2006 mun san irin wannan matsala.

Ofishin babban magatakarda kuma kwamishinan ƙidaya, da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, shi ke da alƙaluman, kuma yana sa su kyauta a censusindia.gov.in. Abin da za ka nema shi ne kundin da ake kira District Census Handbook na lardin da kake so. Kashi biyu ne. Kashi na B shi ke da yawan mutane ƙauye bayan ƙauye. Kashi na A shi ke da abubuwan more rayuwa: makaranta, asibiti, rijiya, lantarki, hanya, mota. Kundi ne mai ɗaruruwan shafuka, amma an jera ƙauyuka bisa tsarin haruffa a farkon kowane sashe, kowanne da lambarsa mai alƙaluma shida. Nemo lambar, ka bi ta. Ni na fi son wannan kundi a kan shafukan da ke kwafe shi, domin a can na ga an haɗa ƙauyuka biyu masu suna ɗaya an mayar da su guda.

A layin ƙauyenka za ka ga yawan gidaje, jimillar mutane, maza, mata, yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, masu iya karatu da rubutu, da masu aiki. Hiware Bazar mutum dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ne, Ralegan Siddhi dubu biyu da 'yan ɗaruruwa. Kada ka tsaya a jimilla. Raba ta da yawan gidaje. A faɗin ƙasar gida ɗaya kusan mutum biyar ne, kuma gida a wurinsu shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya, ba katangar da ta kewaye su ba. Gidan gandu irin namu mai tukunya huɗu, gida huɗu za su rubuta shi.

Akwai wurare uku da baƙo ke yawan tuntuɓe. Na farko, idan za ka fitar da kason masu ilimi, cire yara 'yan shekara shida zuwa ƙasa tukuna, domin daga shekara bakwai ake auna iya karatu. Wanda ya raba da jimillar kowa zai samu adadin da ya gaza gaskiya. Na biyu, ma'aunin jinsi a wurinsu shi ne mata nawa ke akwai ga kowane maza 1,000. A 2011 na ƙasa baki ɗaya 943 ne, na Maharashtra 929. Idan ka ga ƙauye yana da mata fiye da maza sosai, yawanci alama ce mazan sun tafi neman kuɗi birni. Idan kuma ka ga a cikin ƙananan yara mata sun yi ƙaranci ƙwarai, wannan wani ciwo ne da ƙasar ta daɗe tana fama da shi na fifita ɗa namiji, kuma ni duk lokacin da na ci karo da irin wannan layi sai jikina ya yi sanyi. Na uku, masu aiki kashi biyu ne: wanda ya yi aiki wata shida ko fiye a shekara, da wanda bai kai ba. Ƙauyen da kashi na biyun ya yi yawa, ƙauye ne mai noman damina kaɗai.

Za ka kuma ga ginshiƙai biyu, SC da ST. Na farko al'ummomin da tsarin ajin haihuwa ya danne ne tun dā, na biyu ƙabilun asali. Tsarin mulki ya ware musu kujeru da gurabe. A 2011 su ne kashi 16.6 da kashi 8.6 cikin ɗari na al'umma. Karanta wannan a takarda ka bar shi a takarda. Kada ka tambayi mutum ajinsa a fuskarsa.

Wani abin da ya ruɗe ni da farko shi ne waƙafi a lissafinsu. Suna ƙirga da lakh, wato 100,000, da crore, wato miliyan goma. Don haka miliyan ɗaya da rabi za ka gan shi a rubuce 15,00,000. Ƙirga sifirai, kada ka bi waƙafi.

Ka kuma san abin da suke nufi da ƙauye. A ƙidaya, ƙauye yanki ne na ƙasa mai iyaka a littafin haraji, da gonakinsa da dajinsa. Cikinsa akan samu babban gari da ƙananan tungaye da ake kira wadi ko vasti a Maharashtra, wasunsu kilomita biyu ko uku daga tsakiya. Adadin da ka gani na dukansu ne a haɗe. Idan mai masaukinka a wadi yake, isa ƙauyen bai zama ka iso ba. Sannan girma kaɗai ba ya mayar da wuri birni. Kafin ƙidaya ta kira wurin da ba shi da hukumar birni gari, sai ya kai mutum 5,000, sai kashi 75 cikin ɗari na mazan da ke aiki ba noma suke ba, sai kuma cunkoso ya kai mutum 400 a murabba'in kilomita. Shi ya sa za ka ga ƙauye mai mutum dubu goma sha biyar, da banki da kasuwa, amma a takarda ƙauye ne. Mutum miliyan 833 cikin biliyan 1.21 aka ƙirga a karkara a 2011.

To yaya za ka kimanta yawansu a yau? Kada ka ɗora musu saurin haihuwarmu. Tsakanin 2001 da 2011 karkarar Indiya ta ƙaru da kimanin kashi 12 cikin ɗari ne kawai a shekara goma, kuma haihuwa ta ci gaba da raguwa, yanzu kusan 'ya'ya biyu ne ga kowace mace. Wani ƙauyen ma raguwa ya yi. Hiware Bazar ta bi wata hanya dabam: bayan farin 1972 mutane sun yi ta gudu zuwa Pune da Mumbai, amma da aka zaɓi Popatrao Pawar shugaban ƙauye a 1989 aka shiga aikin tare ruwa, iyalai da dama suka dawo gida. Lissafi a kan tebur ba zai nuna maka wannan ba. Sai ka je.

Hanya a takarda

Koma kashi na A na kundin. Kowane ƙauye yana da ginshiƙai na sufuri: akwai bas ko babu, tashar jirgin ƙasa, keke mai ƙafa uku, tasi, tarakta, amalanke, jirgin fito. Akwai na hanya: pakka ita ce kwalta, kachcha hanyar ƙasa. Idan abu babu shi a ƙauyen, sai a sa harafi. Harafin a na nufin ana samunsa ƙasa da kilomita 5, b tsakanin 5 da 10, c sama da 10. A ƙarshen layi akwai sunan gari mafi kusa da nisansa. Wannan suna shi ne abu mafi daraja a shafin, domin daga can motarka ta ƙarshe za ta tashi.

Bayanan wannan kashi na 2009 ne, kuma hanyoyi sun fi yawan jama'a saurin sauyawa. Tun 25 ga Disamba 2000, zamanin Firaminista Vajpayee, aka ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara da ake kira PMGSY, don kai hanyar da ke biyuwa rani da damina ga duk mazaunin da ya kai mutum 500 a fili, ko 250 a tsaunuka da hamada. Ka ga inda yawan mutane da hanya suka haɗu ke nan: adadin da aka rubuta wa wuri shi ke yanke ko kwalta za ta je masa. Saboda haka idan kundi ya ce kachcha, akwai yiwuwar yanzu kwalta ce. Duba hoton tauraron ɗan'adam a taswirar waya ka gwada.

A kan hanya duwatsun mil suna magana da launi. Mai rawayan kai babbar hanyar tarayya ce, mai koren kai ta jiha, mai ruwan lemo ta karkara. Ranar da na fara ganin mai ruwan lemo na san na kusa.

Tafiyar kanta

Daga gida yawancinmu Mumbai ko Delhi muke sauka, bayan canjin jirgi a Addis Ababa ko wani birnin Larabawa. Katin rigakafin shawara ya kasance a hannunka. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi. Daga Mumbai zuwa Pune kimanin kilomita 150 ne, da bas ko jirgin ƙasa. Daga Pune zuwa Nagar kimanin kilomita 120, kusan awa uku a bas, ya danganta da cunkoson fita gari ta Wagholi.

Akwai jirgin ƙasa zuwa Nagar, a kan layin Daund zuwa Manmad, amma ga wannan tafiya ban ba da shawararsa ba. Jirgi na doguwar tafiya ne. Idan za ka hau, sayi tikiti da wuri ta IRCTC, shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa, kuma ka san WL na nufin kana layin jira, ba ka da kujera tukuna, RAC kuma za ka hau amma ku biyu a gado ɗaya. Ƙauye kuwa na jar bas ne.

Motocin gwamnatin jiha, na hukumar MSRTC, kowa ST yake ce musu, ana kuma yi musu kirari da Lal Pari, wato jar aljana. Abin da ya burge ni, motar farko ta wannan tsari a 1948 daga Pune zuwa Ahmednagar ta tashi, wannan hanya dai da nake ba ka labari. Motocin Nagar daga tashar Shivajinagar suke tashi, wadda aka mayar Wakdewadi saboda aikin jirgin cikin gari. Tambayi inda take a ranar da za ka tafi. Kada ka je Swargate don kawai ita ce tashar da ka fi jin sunanta.

Allon gaban mota da Marathi, harshen jihar, yake, har alƙaluman. A nan ka yi hattara, domin ɗayansu, १, ya yi kama da taranmu, huɗunsu, ४, kamar takwas, bakwai ɗinsu, ७, kamar shida. Ka haddace goman nan kafin ka fita, aikin minti goma ne. A kowace tasha akwai tagar tambaya. Miƙa takardarka, jami'in zai gaya maka lambar layi da lokaci. A motar talakawa ba a sayen tikiti a ƙasa. Shiga ka zauna, kwandasta zai zo da 'yar na'urarsa ya yanka maka. Riƙe ƙananan kuɗi, kuma kada ka yar da tikitin sai ka sauka. Kujerun gaba akwai na mata da tsofaffi da naƙasassu, a bar musu.

Kalma ɗaya ce za ka riƙe fiye da kowace: phata. Ita ce mararrabar da hanyar ƙauye ta rabu da babban titi. Motocin da ke shiga cikin ƙauye kaɗan ne a yini, amma masu wucewa ta phata ba sa yankewa. Zuwa Ralegan Siddhi, bayan ka wuce garin Shirur ka tsallake kogin Ghod, za ka sauka a phatar Wadegavhan, daga nan kimanin kilomita biyar ne. Gaba ɗaya daga Pune bai kai kilomita 90 ba. Amma ba kowace mota ke tsayawa a can ba, masu sauri wucewa suke yi. Tambayi kwandasta kafin ka hau, ka sake tuna masa bayan Shirur. Hiware Bazar kuwa sai ka shiga Nagar tukuna, sannan ka yi yamma kimanin kilomita 17. Nagar tana da tasha fiye da ɗaya, akwai Maliwada akwai Tarakpur, don haka ka tambayi wacce motar ƙauyenka ke tashi.

A phata za ka tarar da abin da ka sani. Keke mai ƙafa uku, irin a-daidaita-sahunmu, da jif-jif na haɗaka da ba sa tashi sai sun cika. Ba abin mamaki ba ne, kamfanin Bajaj da ke ƙera da yawa daga cikin kekunan da baburan da ke yawo a Kano hedikwatarsa a Pune take. Tambayi fasinjan da ke zaune nawa ake biya kafin ka tambayi direba. Idan ka ce a tafi da kai kai kaɗai, shata ka ɗauka, kuɗin duk kujerun za ka biya, kuma wani lokaci hakan ya fi, in rana ta yi.

Wajen kiran mutane, namijin da ya ɗan girme ka dada za ka ce masa, wato yaya. Dattijo kaka, wanda a wurinsu baffa ne. Mace tai, wato yaya mace, dattijuwa mavshi, wato inna. Fara da namaskar. Na ga yadda fuskar mutum ke sakewa idan baƙo baƙar fata ya ce masa kaka. Za a kalle ka, yara za su biyo ka, wasu za su nemi hoto. A ƙauyukan nan biyu ban ga komai ba sai son sani da karamci.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Damina daga Yuni zuwa Satumba take. A wannan yanki ruwan ba shi da yawa, domin tsaunukan Ghat na yamma sun tare shi, amma ƙananan gadoji na nutsewa idan aka yi mai ƙarfi. Afrilu da Mayu zafi ne irin na Sakkwato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, dawa da albasa na gona, madatsun ruwa kuma da sauran ruwa a ciki. Ka kuma tambayi ranar kasuwar mako ta garin da ke kusa. Ranar motoci sun fi yawa, amma a cike suke.

Takardunka su kasance tare da kai. Mai bizar da ta wuce kwana 180, kamar ɗalibi, dole ya yi rajista da ofishin baƙi na FRRO cikin kwana 14 da isowa. Duk masaukin da ka kwana zai cika maka takardar Form C, ta sanar da hukuma zuwan baƙon waje, kuma ƙananan masaukai da yawa ba sa karɓar baƙon waje saboda ita. Shi ya sa na kwana a Nagar na riƙa zuwa ƙauye da safe. Nagar tsohon birnin sarakunan Musulmi ne na gidan Nizam Shahi tun ƙarshen ƙarni na 15, masallatai da abincin halal ba sa wuya. A ƙauye kuwa ka shirya cin bhakri, gurasar dawa ko gero, da miyar wake da albasa. Cikin Bahaushe ba ya baƙunta da ita.

Idan ka isa

Wuce kai tsaye ofishin gram panchayat, majalisar ƙauye. Tun gyaran tsarin mulki na 73, wanda ya fara aiki a 1993, kowane ƙauye ko rukunin ƙauyuka na da zaɓaɓɓiyar majalisa. Shugabanta sarpanch, kamar dagaci amma da ƙuri'a yake hawa, kuma sau da yawa mace ce, domin an ware wa mata kujeru. Akwai gram sevak, ma'aikacin gwamnati mai riƙe da littattafai, da talathi mai kula da takardun gonaki. Gabatar da kanka, nuna wasiƙar makarantarka ko ta wanda ya aiko ka. Waɗannan ƙauyuka biyu sun saba da baƙi. Ralegan Siddhi garin Anna Hazare ne, tsohon soja da ya dawo gida a 1975 ya jagoranci gyaran, kuma motocin ɗalibai da manoma na zuwa kullum. Duk da haka a kira kafin a je.

Yawancin ofisoshin suna da allo a bango mai yawan mutane, gidaje, dabbobi, rijiyoyi da faɗin gonaki. Dubi shekarar da ke jikinsa. Sannan ka nemi mutum biyu da suka fi kowa sanin adadin yau: matar da ke riƙe da anganwadi, cibiyar renon yara da ciyar da su, da ma'aikaciyar lafiya da ake kira ASHA, wadda ke kula da kimanin mutum dubu. Suna da rajistar gida-gida, sun san wa ya haihu, wa ya rasu, wa ya tashi. Ba sunaye kake nema ba, kada ma ka nemi ganin littafin. Jimilla kawai. Rajistar masu zaɓe, wadda hukumar zaɓe ke wallafawa rumfa-rumfa, za ta ba ka kimanin 'yan shekara 18 zuwa sama, sai dai tana ɗauke da waɗanda ke zaune a birni suna dawowa zaɓe.

Ka kuma yi tambayar da Bahaushe ya fi kowa sanin muhimmancinta: su wa ke tafiya cin rani, kuma yaushe? An yi ƙidayar 2011 a watan Fabrairu. A busassun lardunan Maharashtra, irin su Beed da wasu sassan Nagar, dubban iyalai na barin gida daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu su tafi yankan rake. Ƙauyen da aka ƙirga a wannan lokaci ba shi ne ƙauyen da za ka gani a Agusta ba. A Hiware Bazar na ga akasin haka. Majalisa kan zauna bayan damina ta auna ruwan da aka samu, ta ware na sha da na dabbobi, sannan a yanke abin da za a shuka da ragowar. Sun hana noman rake da ayaba saboda shan ruwansu, sun hana haƙa burtsatse don ban ruwa, sun hana sakin dabbobi a kan tudu da saran itace. A nan na gane dalilin da malamina ya fara da tambayar yawan mutane. Ba ka iya kasafin ruwa sai ka san bakuna nawa ne za su sha.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya kamata ka fara tambaya da saukarka: ƙarfe nawa motar ƙarshe ke fita? Wasu ƙauyuka suna da motar da ake kira mukkami, wadda ke shigowa da dare, direba da kwandasta su kwana a garin, ta fita da asuba da 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa. Idan ka gan ta ta shigo, ba fita za ta yi ba. A Ralegan na shagala da kallon madatsun ruwa har magariba ta kawo jiki, na dawo dandali na tarar kekunan sun watse. Wani dattijo da ke zaune a gaban shago ya ga ina dube-dube, ya kira wani saurayi mai kai madara a babur, ya yi masa magana da Marathi. Na hau tsakanin garewani biyu na madara har phata. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya kuma tsaya tare da ni a bakin titi, yana karanta allon kowace mota da ta taho, har ta Pune ta zo ya ɗaga mata hannu.